Darasi na 9: Idan Mai Ya Zube a Cikin Jirgin Ruwa

Wannan darasi na duk wanda abincinsa ke kan ruwa ne: matuƙin kwalekwale mai inji a Yawuri ko Lakwaja, da yaron jirgi, da ɗan'uwanmu da ke gadi ko wankin jiragen masu hali a gaɓar Legas. A can akwai jiragen shaƙatawa da iska ke turawa da babban ƙyalle. Su ma suna da ƙaramin inji da tankin mai, don shiga da fita daga wurin da ake ɗaure su, wanda ake kira marina. Jirgi ko na katako ne ko na Turawa, halin mai ɗaya ne in ya zube.

Mu fara da sanin man kansa. Fetur yana tururi ko da tsakiyar hunturu ne. Tururinsa ya fi iska nauyi, saboda haka ba ya tashi sama. Gangarawa yake yi ya kwanta a gindin jirgi, ƙarƙashin katakon da ake takawa. Ido ba ya ganinsa, sai hanci. Idan ya kai kashi 2 cikin 100 na iskar wurin, tartsatsi ɗaya ya isa ya tada gobara. Dizal kuwa, wanda muke ce wa gas, sai ya yi zafin da ya haura digiri 50 kafin tururinsa ya kama wuta. Nasa sharrin daban ne: santsi, da warin da ke shiga katako ya ƙi fita, da daɗewa a kan ruwa.

A ce ranar kasuwa ce, an yi lodi, sai jarkar fetur ta kife a bayan jirgi. Yaro ya zaburo da rabin galan ɗin da yake kwalfe ruwa da shi.

"Maigida, in kwalfe in watsar?"

"A'a, ajiye. Tada jarkar tukuna, ka rufe bakinta. Baba, don Allah a kashe sigarin nan. Jama'a, kowa ya sauka a hankali."

Matuƙin nan ya yi daidai. Ana fara tsayar da zubar, a kashe inji da duk wata wuta, har da murhun mai shayi da ke kusa, sannan a fitar da mutane. A jirgin da ke da rufi, a buɗe ƙofofi da tagogi iska ta ratsa. In fetur ne, kada a kunna ko a kashe wani makunni, kada kuma a cire wayar batir, domin a nan tartsatsi ke fitowa. A sauka a kira mai kula da wurin. In wuta ta riga ta kama, ruwa ba ya kashe ta, sai ma ya yaɗa ta, tunda mai a saman ruwa yake tsayawa. Yashi ake zubawa, ko a yi amfani da tukunyar kashe gobara mai hoda.

Jiragen marina suna da wani famfo a gindinsu da ke tashi da kansa in ruwa ya taru, ya watsar da shi waje. Famfon nan bai san bambancin ruwa da mai ba. In dizal ne ya zube, kashe shi nan take, in ba haka ba kana tsaye zai kwashe ɓarnar daga cikin jirginka ya kai ta cikin teku. A kwalekwale, yaron da ke kwalfa shi ne famfon. Shi ya sa aka ce masa ya ajiye galan.

Sai tsane man. Akwai wani farin ƙyalle mai kauri da ake yi don wannan aiki. Yana shan mai, ba ya shan ruwa, har ana iya shimfiɗa shi a kan ruwa ya tsotse man da ke yawo. Inda babu shi, tsumma da dusar katako da busasshen yashi suna aiki a cikin jirgi. A fara daga gefe a nufo tsakiya, don kada man ya ƙara faɗi. In ya gauraya da ruwan gindin jirgi, a kwashe duka a zuba a jarka mai murfi a fitar da ita tudu. Tsumman da ya sha mai a sa shi a gwangwani mai murfi, nesa da wuta da yara. Kada a jefa shi kogi, kada a zuba man a kwata. Wanda mai ya jiƙa wa riga ya tuɓe ta, ya wanke jikinsa da sabulu. Wata ɗabi'a da ya kamata mu bari ita ce zuƙo fetur da baki ta tiyo. Wanda ya haɗiye shi kada a sa shi amai, domin man na iya faɗawa huhu. Asibiti za a kai shi.

Yanzu ga kuskuren da ya fi yawa. Mutum ya ga mai ya bazu a kan ruwa yana ƙyalli kamar bakan gizo, sai ya ɗauko omo ko sabulun wanke-wanke ya barbaɗa. Nan da nan ƙyallin ya ɓace, hankalinsa ya kwanta. To man bai je ko'ina ba. Sabulun ya farfasa shi ne ya zama ƙananan ɗigo, ya nutsar da shi inda kifi ke numfashi da zuba ƙwai. Da yana sama ana iya tsane shi, wani kuma rana ta busar. Da ya nutse, shi ke nan, ba mai iya kamo shi. Ruwan nan kuwa shi mata ke ɗiba a gaba kaɗan, shi shanu ke sha, daga cikinsa masunta ke ci. Sabulu yana da amfani, amma a ƙarshe, a cikin jirgi, bayan an tsane man sarai. Ruwan wankin ma jarka za a tara shi.

A Amurka, inda marina ke da yawa, zuba sabulu a kan man da ya zube a ruwa laifi ne a ƙarƙashin dokar tsabtar ruwa ta 1972. Ko man bai cika cokali ba, in dai ya yi ƙyalli a kan ruwa, dole a kai rahoto. Jirgin da tsawonsa ya kai ƙafa 26 sai an liƙa masa allon gargaɗi a kan zubar da mai. Bayan jirgin dakon mai mai suna Exxon Valdez ya fashe a Alaska a 1989, sun yi wata doka a 1990 da ta ɗora kuɗin sharewa a kan mai jirgi da wanda ke gudanar da shi. A Najeriya akwai NOSDRA, hukumar da ke kula da malalar mai, da aka kafa a 2006. Dokarta ta ce wanda ya zubar da mai ya sanar a rubuce cikin awa 24, wanda ya ƙi kuma tarar naira 500,000 ce a kowace rana. Manyan kamfanonin mai aka fi nufi da ita, amma ta nuna mana cewa a idon hukuma ɓoyewa laifi ne mai zaman kansa. Harkar jiragen kogi kuwa tana hannun NIWA, hukumar kula da hanyoyin ruwa na cikin gida, mai hedikwata a Lakwaja.

To wa zai biya? Galibi mai jirgi ake fara kamawa, ko da yaronsa ne ya kifar da jarkar. Amma in tiyon gidan mai na marina ne ya fashe, ko ma'aikacinsu ne ya cika tanki har ya tumbatsa, magana ta canja. Sai dai baki kawai ba ya isa. Ka ɗauki hoto da wayarka bayan ka yi nisa da tururin. Ka rubuta rana da lokaci, da irin man, da kimanin litar da ta zube, da sunan mutum biyu da suka gani. Ka je da ƙafarka ka gaya wa manajan wurin, ko sarkin tasha, ko shugaban ƙungiyar matuƙa, kafin wani ya riga ka. Wanda ya kai kansa ana sassauta masa fiye da wanda aka bi sawun ƙyalli har gindin jirginsa.

Masu marina kan ba da takardar yarjejeniya kafin su karɓi jirgi. Sau da yawa akwai layin da ke cewa duk ɓarnar da ta fito daga jirginka a wuyanka take, wasu kuma sai ka nuna takardar inshora. Kada ka dangwala yatsa sai ka karanta, ko wanda ka amince da shi ya karanta maka. Ka tambayi masu inshorar ƙarara: in mai ya zube, kuna biyan kuɗin sharewa?

Wajen shan mai kuma, a cika jarka tana ajiye a ƙasa, ba a cikin jirgi ba. Kada a cika tanki maƙil, a bar kashi 10 cikin 100, domin mai yana kumbura in ya ji zafin rana. Kafin a tada inji, a sunkuya a shinshina gindin jirgi.

Aikin aji: ka ɗauka jarkar dizal mai lita 25 ta tsage a jirginku, an tsane lita 18. Lita nawa ta rage? Rubuta rahoto mai layi biyar zuwa ga sarkin tasha, ka sa rana, da lokaci, da yawan man, da abin da kuka yi. Ka karanta wa na kusa da kai ya gyara maka.