Yadda Malami Zai Nuna wa 'Yan Aji Uku Tsirar Wake da Idonsu

Yaron da ya tashi a Katsina ko Daura ya san shuka tun kafin ya san allo, amma da wuya ya taɓa ganin abin da iri ke yi a ƙarƙashin ƙasa. Tambayi 'yan aji uku abin da wake ke bukata kafin ya tsira, yawancinsu za su ce ƙasa da rana. Ba haka ba ne: ruwa da iska da ɗumi yake bukata. Faɗa da baki ba ya cire wannan kuskure, sai sun gani.

Idan ajin ya kai yara 60, a raba su rukuni 6, goma-goma. Kowane rukuni ya samu gorar ruwa ta roba 4 wadda ake ganin cikinta, da ƙwayar wake 20, da auduga ko tsumma mai tsabta. Malam ne zai yanke wuyan gorunan a gida, kada a ba yara reza. Waken girki na kasuwa ya wadatar, amma a tsince mai huji, domin wanda ƙwaro ya ci sau da yawa ruɓewa yake yi. A guji irin shuka da aka shafa wa magani, wanda ke da launin ja ko shuɗi. Guba ne, yara kuma ba su rabo da sa hannu a baki.

A jiƙa wake 15 na kowane rukuni ranar Lahadi da dare, a bar 5 a bushe. A fara aikin Litinin da safe. Wanda ya fara Alhamis, saiwar za ta fito ran Asabar ba kowa a aji, abin da ake son gani ya wuce.

A gora ta farko a cusa auduga mai damshi, a jera wake 5 tsakanin audugar da jikin gorar yadda za a riƙa ganinsu. A sa wani hancinsa sama, wani ƙasa, wani a kwance. Gora ta biyu ta samu busasshiyar auduga da busasshen wake, ba ko ɗigon ruwa. A ta uku a nutsar da waken cikin ruwan da aka tafasa ya huce, a zuba cokali 2 na man gyaɗa a kai. Tafasawa na korar iskar da ke cikin ruwan, man kuma ya hana wata shiga. Ta huɗu a haɗa ta daidai da ta farko, sai dai a kife mata kwali, duhu ya rufe ta.

Kafin a ajiye su, kowane yaro ya rubuta a littafinsa wadda yake zaton za ta tsira. Kada malam ya gyara wa kowa a wannan rana.

Lokacin ɗumi, farar saiwa kan ɓullo kusa da hancin waken cikin kwana 2 zuwa 3. Da hunturu takan yi jinkiri, don haka a ɗauke gorunan daga bakin taga da dare. Idan saiwar ta fito, nan ne ya kamata a tsaya a daɗe. Yara za su ga duk yadda aka ajiye ƙwayar, saiwa sai ta lanƙwasa ta nufi ƙasa. Bayan ta sai kara ya miƙe, ya ɗago ɓarin waken biyu sama, fatar ta zame. Waɗannan ɓari biyu su ne guzurin tsiron, suna yanƙwanewa yayin da ganyen gaskiya ke buɗewa. Kowace safiya, minti 5 sun isa: yaro ɗaya ya auna da rula, wani ya rubuta santimita a allo, sauran su zana abin da suka gani, ba abin da ke cikin littafi ba.

Gora ta biyu za ta zauna yadda take. Ta uku za ta kumbura ta yi wari, a zubar da ita bayan kwana 5. Ta cikin kwali ita ce ke ba yara mamaki, domin za ta tsira, har ta fi ta farko tsawo, amma siririya, ganyenta rawaya. A tambaye su dalili kafin a yi bayani: tsirar wake ba ta bukatar haske, ƙwarin kara da koren ganye ne ke bukatarsa.

Abin da ya fi ɓata wannan aiki shi ne yawan ruwa. Kowane yaro na son ya ba da nasa, sai waken ya shaƙe ya yi fumfuna. A naɗa mutum ɗaya a rukuni ya riƙa zuba wa gora ta farko da ta huɗu ruwa, cokali 2 a rana, audugar ta kasance da damshi kawai. Ranar Juma'a a ɗan rufe bakin gora da leda mai huji don kada ta bushe kafin Litinin, musamman da bazara. A ɗora su bisa tebur a rufe ƙofa, saboda ɓeraye da awakin unguwa.

A rana ta 10 a cire kwalin, a ajiye tsiron inda haske ke shigowa amma ba cikin tsakar rana ba, yara su ci gaba da rubuta launin ganyen kullum har ya koma kore.