In Mac ta ƙi ganin Windows a waifai ɗin gida

Jama'a, ku daina jiran sunan kwamfutar ya fito da kansa. In fayil kuke son ɗaukowa daga cikinta, ku neme ta kai tsaye da lambar IP, wato adireshinta a kan waifai.

A Windows ɗin, buɗe cmd, wato tagar rubuta umarni, ka rubuta ipconfig. Za ka ga lamba kamar 192.168.1.20. Koma kan Mac, shiga Finder, danna Command da K, ka rubuta smb://192.168.1.20. A Ubuntu ma adireshin ke nan. Amma fa sai ka riga ka buɗe wa foldar da kake nema izinin rabawa a Windows ɗin.

Mac da Windows dukansu da tsarin da ake kira SMB suke musayar fayil, sallamar ce kowa da irin tasa. Mac da wata hanya mai suna Bonjour take sanar da kanta, Windows kuma da wata hanyar daban. Ga su ɗaki ɗaya, ba su san juna ba. Ni sati guda na yi ina jigilar hotuna da filasha kafin na gano.

In Mac ta tambayi kalmar sirri, ta asusunka na Windows take so, ba PIN ba.

Dabarar takan ƙi in waifai yana kan Public a saitin Windows, sai ka mayar da shi Private. In aka ɗauke wuta rauta ta sake tashi, lambar kan canza. Sake duba ipconfig.