Yadda na shawo kan zubewar furen bishiyar afirikot

Afirikot bishiya ce ta ƙasashe masu sanyi, mai 'ya'yan da ake ci. Tawa lafiyarta ƙalau, ganye shar, fure fari tas kowace shekara, amma 'ya'ya ko ɗaya babu. Taki ba ta rasa ba, ruwa ma haka.

Ashe matsalar gaggawa ce irin tata. Afirikot na riga yawancin itatuwa fure, tun sanyi bai gama tafiya ba. Dare ɗaya ma'aunin zafi na Celsius ya sauka ƙasa da digiri 2 a ƙarƙashin sifili, furen da ya buɗe na iya mutuwa. Na tsaga wasu da farce, sai ga cikinsu ya yi baƙi maimakon kore. Ga shi kuma ƙudan zuma, masu kai garin fure daga wannan fure zuwa wancan don a samu 'ya'ya, ba su cika fita cikin sanyi ba.

Sai na riƙa lulluɓe ta da yadi mara nauyi da magariba, bisa sanduna don kada ya taɓa furen, in yaye da hantsi. Da rana tsaka kuma in ɗauki ɗan burushi mai laushi in bi fure-fure ina shafawa, aikin zuma ke nan. Akwai gajiya, ba ƙarya.

Bana ta ɗauka har rassa suka sunkuya. Dole na rage 'ya'yan tun suna ƙanana, na bar tazarar kamar santimita 8 tsakaninsu.