Yadda Nake Rufe Lissafin Kaina Kafin Na Kwanta

Shekara 22 ke nan ina sayar da atamfa da shadda a Kantin Kwari, kuma ban taɓa kulle shago ban buga lissafi ba. Ko zazzaɓi nake yi sai na san turmi nawa ya fita, wa ya biya, wa ya ce "sai Juma'a". Amma sai da na haura 40 kafin wani ya tambaye ni ko ina yi wa kaina irin wannan binciken. Malaminmu na zaure ne. Ranar na makara karatun bayan magariba saboda naira 3,000 ta ƙi fitowa a lissafi. Da na kawo uzurina sai ya yi murmushi ya ce, "Alhaji, kai da ka tsare yaronka awa guda a kan dubu uku, jiya ƙarfe nawa ka yi la'asar?" Na yi ta lalube, ban tuna ba.

Abin da ya ɗora ni a kai tun daga ranar shi ne muhasaba, wato mutum ya titsiye kansa ya yi wa kansa hisabi. Asalinta yana aya ta 18 a Suratul Hashri, inda aka ce kowane rai ya dubi abin da ya gabatar domin gobe. Ayar da ke biye da ita ce ta fi tayar mini da hankali: kada mu zama kamar waɗanda suka manta da Allah, sai Ya mantar da su kawunansu. Ashe mutum zai iya sanin farashin kowace dila a kasuwa, alhali shi kansa baƙo ne a wurin kansa.

Imam Gazali, wanda ya rasu a 505 bayan Hijira, ya ware wa wannan aiki kashi guda a cikin babban littafinsa Ihya'u, na 38 daga cikin 40. Abin da ya sa ya shige ni shi ne da harshen kasuwa ya yi bayaninsa. Ya ce ranka kamar abokin haɗin jari ne wanda in ka sake masa sai ya cinye ka. Farilla ita ce uwar kuɗi, nafila riba, saɓo faɗuwa. Da malam ya fassara mana wurin sai na ce a raina, wannan bawan Allah ya san mu.

(Akwai maganar da ake yawan yaɗawa, wai "wanda ya san kansa ya san Ubangijinsa". Ma'anarta tana da kyau, amma malamai irin su Imam Nawawi sun ce ba ta tabbata daga Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ba. Kada ka jingina masa ita.)

Ga yadda nake yi. Kayan aikin ba su wuce ƙaramin littafi da biro ba. Kada ka yi a waya. Na gwada, na shiga da niyyar tuba na fito ina duba farashin dala.

Aikin da asuba yake farawa, ba da dare ba, domin ba a bin yaro lissafin kayan da ba a damƙa masa ba. Bayan sallar asuba, kafin ka tashi daga kan darduma, ka gindaya wa ranka sharaɗi guda ɗaya na ranar. Guda ɗaya na ce. Lokacin da na fara, sharuɗɗa tara na jera, kafin hantsi na karya bakwai, na yi zuciya na watsar da littafin har wata biyu. Kuma sharaɗin ya zama wanda za a iya ƙirgawa. "Yau zan zama mutumin kirki" ba sharaɗi ba ne, fata ne. "Yau ba zan rantse a kan farashi ba" shi ne sharaɗi, domin da dare amsarsa ko e ko a'a.

Da rana aikinka lura ne kawai. Duk sanda za ka yi wani abu mai nauyi, ka ɗan dakata ka tambayi kanka don wa kake yi. Ni sallolin azahar da la'asar na mayar shingen bincike: kafin na tayar da kabbara sai na waiwayi awannin da suka wuce.

Da dare ne ake zama na sosai, bayan isha'i, kafin barci ya fara fizgarka. Minti goma ya isa. Ka fara da uwar kuɗi, kamar yadda kowane ɗan kasuwa mai hankali yake yi: sallolin nan biyar, a kan lokaci ko a makare, cikin jam'i ko kai kaɗai, kuma a raka'a nawa hankalinka yake wurin. Wannan ta ƙarshen tana da ciwo. Na sha yin sallama in tarar tun daga Fatiha nake lissafin kuɗin mota daga Legas.

Daga nan sai haƙƙin mutane, kuma a nan nake so ka daɗe. Hadisi ya zo a Sahihu Muslim cewa Annabi ya tambayi sahabbai ko sun san wane ne wanda ya tsiyace. Suka ce wanda ba shi da kuɗi ba shi da kaya. Sai ya ce shi ne wanda zai zo ranar alƙiyama da salla da azumi da zakka, amma ya zagi wannan, ya ci dukiyar wancan, ya doki wani, a yi ta ɗibar ladansa ana biyan su, in ya ƙare a kwaso zunubansu a jibga masa. Duk wanda ya taɓa ganin masu bin bashi sun yi wa shagon maƙwabcinsa dirar mikiya suna kwasar kaya ba ya bukatar sharhi. Don haka ka bi mutanen yininka ɗaya bayan ɗaya. Matar da ta sayi turmi biyu, ka nuna mata inda rini ya zuba ko ka naɗe ta ciki? Ɗan dakon da ka ce wa "je ka dawo", ka biya shi? Yaron shago, a gaban baƙi ka yi masa tsawa? Iyali fa, da wace fuska ka shiga gida? Wanda duk ka samu sunansa, ka rubuta abin da za ka yi masa gobe: kuɗi ne a mayar, ko haƙuri ne a bayar. Istigfari shi kaɗai ba ya biyan bashin ɗan'adam.

Sai a ƙarshe ka duba riba, ka gode wa Allah a kanta. Kada ka tsallake wannan. Wanda faɗuwa kawai yake rubutawa ba ya daɗewa a kasuwa.

Wajen rubutu, kada ka zayyana zunubanka dalla-dalla. Abin da Allah Ya rufa maka asiri a kai ba ka da dalilin barinsa a takarda yara su tsinta. Ni alamomi nake yi: ɗigo na nufin rantsuwa, gicciye fushi, da'ira sallar da ta makara. Sai ka rufe da tuba bisa sharuɗɗan da muka haddace tun muna yara a Ahalari: nadama a kan abin da ya wuce, niyyar ba za a koma ba, da barin saɓon nan take in ana cikinsa.

Akwai kuma cin tara. Na ajiye gwangwanin madara a ƙarƙashin kanta, duk "wallahi" ɗin da ta suɓuce mini a kan ciniki naira 500 ce, ranar Juma'a a ba mabukata. Annabi ya ce rantsuwa tana sayar da haja amma tana shafe albarka. Makon farko gwangwanin ya ci naira 9,500. Wannan horon kai ne kawai, ba kaffara ba ce. Hukuncin rantsuwa a kan ƙarya sai ka zauna da malami.

To amma duk wannan share fage ne. Amfanin littafin na gaskiya ba ya fitowa sai ka tara kwana 30 ka baje shafukan a gabanka. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, in dai ya taɓa ɗaga kai lokacin ruwa. Ni da na baje nawa sai na ga gicciyen fushi ba a warwatse yake ba. Kusan duk ranar da na yi wa uwargida faɗa a kan gishiri ko kukan yara, ranar ce wani mai bashi ya kashe waya. Na ƙara tonawa, na ga ba kuɗin ne ke ƙona ni ba, domin wani bashin bai kai kuɗin cefanen mako ba. Tsoro ne. Mahaifina ya yi karayar arziki ina ɗan shekara 11, na ga ranar da aka fitar da kujerun ɗakinsa. Shekara talatin da wani abu ina faɗin "Allah ne mai bayarwa" da baki, alhali can ƙasan zuciyata yaron nan ne yake riƙe da makullin shago yana rawar jiki. Da wa'azi aka yi mini a kan tawakkali, da gyaɗa kai zan yi ina hango wani, tunda laifi tudu ne. Sai da na gan shi da rubutun hannuna.

Wannan ya canza mini fahimtar aya ta 56 a Suratuz Zariyati, cewa ba a halicci aljanu da mutane ba sai don bauta. A da ina ɗauka bauta tana masallaci, shago kuwa duniya ce, sai na tara abin da ya isa sannan in koma ga Allah. Littafin ya nuna mini cewa mafi yawan abin da ke tsakanina da Ubangijina a bayan kanta ake yanke shi, tsakanin tayi da sallamawa.

Kada kuma ka ɗauka za ka gano mene ne ruhinka. An tambayi Annabi game da ruhi, amsa ta sauka a Suratul Isra'i aya ta 85 cewa al'amarin Ubangiji ne, kuma ilimin da aka ba mu kaɗan ne. Sawunsa kawai muke bi. Alƙur'ani ya ambaci rai mai yawan umarni da mummuna, da rai mai zargin kansa, da rai mai natsuwa. Ni dai na tsakiyar nan nake roƙon kada a raba ni da shi.

Ramuka biyu ne a hanyar. Na farko waswasi: ka wayi gari kana sake alwala sau huɗu, kana ganin komai naka ɓatacce ne. In ka ji haka, ka rage zaman zuwa minti uku, ka karanta aya ta 53 a Suratuz Zumar wadda ta hana ɗebe tsammani daga rahamar Allah, ka kwanta. In abin ya kai ga hana ka barci ko ci, ka gaya wa malaminka, ka kuma ga likita. Na biyu ya fi daɗin faɗawa: shafi ya yi fari kwana uku sai ka fara kallon 'yan layinku a matsayin ɓatattu. Maganinsa mai binciken waje. Sau ɗaya a wata ka tambayi wanda ba ya jin tsoronka. Ni na tambayi uwargida, bayan na yi alƙawarin ba zan tanka ba. Ta ce, "Alhaji, faɗan ya ragu, gaskiya. Amma yanzu in ka yi haƙuri sai ka tabbatar kowa a gidan nan ya san ka yi haƙuri."

Ba ni da alamar wannan a littafin, sai da na ƙirƙiro sabuwa a daren: ɗan tauraro. A watan jiya ya fito sau 14.