Yadda ake gyara titin cikin gari don rage mace-macen haɗari

Duk wanda ya tsaya a bakin babbar kasuwar Marwa da la'asar, ko a mashigar Garwa ta wajen gadar Binuwai, a arewacin Kamaru, ya ga yadda muke cakuɗuwa a kan kwalta ɗaya: tirela, ɗan acaɓa da buhun gero a baya, mai baro, 'yan makaranta, wani lokaci har da garken shanu. In an yi haɗari sai a ce gangancin direba ne, ko kwana ne ya ƙare. Rai a hannun Allah yake, babu musu, amma riƙon sababi wajibi ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2023 cewa mutum miliyan 1.19 ne ke mutuwa a hanya kowace shekara, kuma haɗarin hanya ne ya fi komai kashe masu shekara 5 zuwa 29. Tun 1997 majalisar dokokin Suwidin ta ɗauki wata ƙa'ida da ta sauya aikin injiniyoyin hanya: mutum tara yake bai cika goma ba, dole zai yi kuskure, don haka a gina titin da kuskure ba zai zama ajali a kansa ba. Ga yadda ofishin magajin gari ko kwamitin unguwa zai bi.

A fara gano inda jini ke zuba

Kada a fara da titin da manya ke bi. A samo taswirar gari, a tattara bayanan haɗarin shekara uku daga 'yan sanda da jandarma da rajistar asibiti, a ɗiga kowane haɗari a inda ya faru: ja ga wanda aka rasa rai, baƙi ga mummunan rauni. Takardun hukuma ba su isa ba, domin da yawa ana sasantawa ne a bakin hanya, mai karaya kuma gidan mai ɗori ake kai shi. Sai a zauna da shugabannin 'yan acaɓa, da jauro ko lawan na unguwa, da masu shayi da ke kwana a bakin titi. Su ne za su ce maka "kwanar nan ba ta wata biyu ba ta ci mutum ba". A rubuta lokaci, da wa ya buge wa. Za a ga ɗigon ya taru a wurare kaɗan, galibi mararraba, ƙofar kasuwa, tasha, da inda babbar hanya ta shigo gari. A zaɓi uku mafi muni.

A auna gudu da agogon waya

A shata layi biyu a kan titi, tazarar mita 50. Mutum ɗaya ya riƙe agogo, ɗaya ya rubuta. Abin hawan da ya ci tazarar cikin daƙiƙa 6 yana kilomita 30 a awa, daƙiƙa 3.6 kilomita 50 ne. Daƙiƙa 3 kuwa 60. A auna guda ɗari, da rana da kuma bayan isha'i lokacin da hanya ta yi sarari, kuma mai aunawa ya ɗan ɓuya, don da an ga mutum da takarda ake taka birki. A jera sakamakon daga mai sanyi zuwa mai zafi, a duba na 85. Shi ne gudun titin na gaskiya, ko me allo ya ce.

Dalilin nacewa a kan gudu lissafi ne. Direba kan ɗauki kamar daƙiƙa ɗaya kafin ƙafarsa ta kai birki. A kilomita 30, motar ta ci mita 8 a wannan daƙiƙar, birki ya ƙara 5, ta tsaya a wajen mita 13. A kilomita 50, daƙiƙar kaɗai mita 14 ce, tsayawa sai a wajen mita 28. Ke nan yaron da ya faɗo titi a mita 13, mai 30 zai tsaya a gabansa, mai 50 kuwa zai buge shi bai ma taɓa birki ba. Wannan a busasshiyar kwalta mai tsabta ne da taya mai kyau. In yashi ya hau titi, kamar yadda yake yi mana da hunturu, tazarar ta fi haka. Shi ya sa taron ministocin duniya kan kiyaye haɗarin hanya da aka yi a Stockholm a 2020 ya nemi kilomita 30 a duk inda mota ke cuɗanya da masu ƙafa.

Tudun rage gudu: inda aka fi yin ɓarna

Allo ba ya rage gudu, siffar titi ce ke ragewa. Amma abin da unguwanni ke yi bayan an buge yaro, wato jibga ƙasa, ko gicciya kututture, ko dogon siminti mai tsini kamar kunyar gona, shi ma kisa yake yi. Mota za ta daki ƙasa ta wuce, ɗan acaɓan da bai san da shi ba da dare shi ne zai tashi sama da fasinjansa.

Ma'aunin Faransa na tudun da ake kira dos d'âne shi ne tsayi santimita 10, tsawo mita 4 a bin hanya, a lanƙwashe kamar bayan kunkuru. Tsawon nan ne sirrin: a kilomita 30 ana hawa lafiya, a 50 sai ya girgiza mutum. Gajere mai tsini kuwa yakan fi wa mai gudu daɗin tsallakewa. A sa su a jere, kusan kowace mita 80 zuwa 100. Guda ɗaya tilo yana sa direba ya taka birki sannan ya rama a gaba. A shafa fenti mai ƙyalli, a kafa allo tun kafin a iso, kuma kada a sa shi a cikin kwana ko inda babu fitila.

Abu biyu ke lalata aikin. In tudun ya toshe hanyar ruwa, damina ɗaya ta isa ta kafa tafki a gindinsa ta cinye kwaltar. In kuma aka bar rata mai faɗi a gefe don ruwa, duk babura can za su kwarara, daidai inda masu ƙafa ke tafiya. A bar 'yar rata kamar tafin hannu biyu, a kafa turakun siminti a kafaɗar hanya.

Hanyar manyan motoci daban ce. Kayan da jirgin ƙasa ke saukewa a Ngaundere tireloli ne ke ɗaukarsa ta hanya mai lamba 1 zuwa Kusuri, su haye gadar Ngeli su shiga Njamena, ga kuma motocin auduga da tankokin mai. A irin wannan hanya ana yin tudu mai shimfiɗaɗɗen bisa, mita 6 ko fiye, da hawa mai sauƙi, da kankare maimakon kwalta, don zafin watan Afrilu da nauyin tirela suna murje kwalta ta zama kwari. Kuma a fara tun daga mashigar gari: a tsuke hanya, a sa tsibiri a tsakiya da fitila, direban da ya kwaso awa uku a daji ya gane ya shigo cikin mutane.

Wurin tafiya da wurin tsallakawa

A ware wa masu ƙafa aƙalla mita 2 a kowane gefe, a ɗaga shi sama da kwalta. Rufe lambatu da falankin siminti yakan ba da rabin wannan filin kyauta. Sai dai ranar da aka gama, ranar masu tebur za su hau. Kora ba ta ɗorewa. A shata musu layi a baya tare da sarkin kasuwa, a ba 'yan acaɓa wurin tsayawa na kansu nesa da bakin mararraba.

Tsohuwa mai tafiyar mita ɗaya a daƙiƙa tana bukatar daƙiƙa 14 ta haye titi mai faɗin mita 14. A wannan lokacin mota mai kilomita 60 ta ci fiye da mita 230, nisan da ido ba ya iya kintata gudu a cikinsa, balle da hazo. Maganin shi ne tsibiri a tsakiyar titi, faɗin mita 2, yadda mai keke ko mai goyo riƙe da yaro zai tsaya, ya haye rabi ya huta ya duba ɗaya ɓangaren. A sa wurin tsallakawar a inda sawun mutane ya riga ya nuna, gaban masallaci ko ƙofar makaranta. In aka kai shi mita ɗari gaba, ba mai zuwa. Fenti kaɗai a titin da ake gudun 60 yaudara ce, gara a ɗora zanen a kan shimfiɗaɗɗen tudu. Layin mota kuma mita 3 zuwa 3.25 ya isa a cikin gari, abin da ya ƙaru gayyatar gudu ne.

Mararraba da dare

A mararraba mai hannu huɗu, hanyoyin ababen hawa na iya karo a wuri 32. A shataletale mai layi ɗaya 8 ne kawai, kuma ba ya bukatar wutar lantarki kamar danja. Sharaɗin shi ne ya tilasta lanƙwasa: in ana iya ratsa shi a miƙe, ado ne. A hana ajiye mota, rumfa ko allon talla mita 10 daga kowace kusurwa. A ja layin tsayawar manyan motoci baya, domin direban tirela mai karyawa dama ba ya ganin babur ɗin da ya maƙale a gefensa.

Fitilun sola a fara da wuraren tsallakawa da mararraba, a sa wanda zai riƙa goge ƙurar faifan, in ba haka ba kafin tsakar dare sun mutu. Tirelar da ta kwana a bakin kwalta ba fitila a samar mata fili a wajen gari.

A gwada da araha kafin a zuba siminti

Tsibiri da tsuke hanya ana iya gwada su da tsofaffin tayoyi da aka shafa wa farin fenti, da durom cike da yashi, na wata biyu ko uku. A kira direban tirela da na motar asibiti su bi a gani ko suna iya juyawa. A koma layukan nan na mita 50 a sake auna guda ɗari, a rana da lokaci irin na farko. In na 85 bai kai daƙiƙa 5 ba a gaban makaranta, a matso da tayoyin ko a ƙara tudu, a sake aunawa kafin a kira magini.