Yadda ake gano yoyon gas da mai a AC ɗin mota

Gas ɗin AC ba ya ƙarewa kamar fetur. Rufaffen layi yake zagayawa, don haka idan sanyi ya ragu cikin 'yan watanni, akwai inda yake zurarewa. Ƙara gas ba tare da toshe wurin ba asarar kuɗi ce, kuma kwampreso, wato famfon da ke matsa gas ya zagaya da shi, shi ne zai sha wahala, domin man da ke jiƙa shi tare da gas ɗin yake tafiya.

Da farko, ruwa fari tas da ke ɗiga ƙarƙashin mota bayan an kunna AC ba matsala ba ne, raɓa ce daga ibaforeta, wato sashen da ke sanyaya iskar cikin mota. Abin nema shi ne maiƙo. Gas yana fita ya bi iska, amma mai yana barin tabo, ƙura ta manne masa ya yi baƙi. Kashe mota, ɗauki tocila, bi layin da ido da yatsa: mahaɗar bututu inda zoben roba ke bushewa ya tsage, wurin da aka matse tiyo da ƙarfe, da bawul biyun da ake ɗura gas. Kwandensa, wato sashen da ke fitar da zafin gas a gaban lagireto, tsakuwa ke yawan huda shi, sai ka ga jiƙaƙƙen tabo a kusurwa ɗaya. Idan mai ya fantsamu a bayan kulocin kwampreso har ya yi zane a cikin bonet, sil ɗin gaban kwampreson, wato zoben da ke hana yoyo, shi ne ya mutu. Yawanci barin AC watanni ba a kunna ba ke busar da shi. Minti goma a mako ya isa kariya.

Idan ido bai gani ba, a zuba rinin gwaji a layin, a yi tuƙi kwana biyu ko uku, sannan a haska da fitilar UV a cikin duhu. Wurin yoyon zai yi kore shar. Ibaforeta yana ɓoye a bayan dashbod, saboda haka a duba bakin tiyon da ke zubar da raɓa. Idan rini ya fito nan, ibaforetan ne ya fashe. Mai na'urar sansano gas ya bi ta ƙasan mahaɗa a hankali, domin gas ɗin ya fi iska nauyi.

Layin da ya riga ya zama fanko, a cika shi da naitirojin zuwa matsin kamar psi 150 a geji, a shafa ruwan sabulu, a jira kumfa. Kada a kuskura a sa oksijin, haɗuwarsa da mai na iya fashewa. Kuma kada geji ya ruɗe ka: gas ɗin AC nau'in R134a a zafin digiri 25 na Celsius yana nuna kusan psi 80 mota a kashe, ko layin cike yake ko rabi.

Bayan gyara a canza draya, wato matatar da ke tsotse danshi a layin, a zuƙe iska da famfo na aƙalla minti 30, a rufe a ga ko allurar geji za ta motsa, alamar cewa da sauran yoyo. Gas a auna shi da sikeli bisa giram ɗin da ke rubuce a takardar cikin bonet. Mai kuma a mayar da gwargwadon wanda ya fita, irin da kamfani ya ce, PAG 46 ko PAG 100. Motoci masu kwampreso na lantarki galibi man POE suke sha, man PAG na gama-gari yana lalata rufin wayoyin cikin kwampreson.