Kurakuran da ɗalibai ke yi in babbar lamba ta zo hannunsu

Duk shekara nakan rubuta 4,294,967,297 a kan allo in ce a faɗa min irinta, kuma duk shekara rami ɗaya ake faɗawa.

Na farko shi ne gaggawar kiran ta firam, wato lambar da ba mai raba ta sai 1 da ita kanta. Yaro zai ga mara ce, ya gwada 3, 5, 7, 11, duk da saura, sai ya ajiye biro. Ni ma na taɓa yi, a gaban aji, shekarar da na fara koyarwa. Washegari wata yarinya ta miƙo min takarda: 641 sau 6,700,417. Na ninka a allo ina gumi, lissafin ya fito daidai. Har aka yi hutu suna kirana Malam Firam. Daga baya na ɗan samu sauƙi da na karanta cewa Pierre de Fermat, masanin lissafi na Faransa, ma ya zame a nan. Ya ga 3, 5, 17, 257 da 65,537 duk firam ne, ya zaci ta gaba a jerin (a cire 1 daga ta baya, a ninka abin da ya rage da kansa, a ƙara 1), wato wannan tamu, haka take. Wani masanin lissafin, Leonhard Euler, ne ya gano 641 a 1732.

Ka'idar ita ce a ci gaba da gwaji har zuwa lambar da in an ninka ta da kanta za ta kamo babbar. A nan 65,536 ce, kuma firam 6,542 ne a ƙasanta. Kai da ka gwada huɗu, wa ya ba ka izinin yanke hukunci? Ni yanzu ba na furta kalmar firam sai na sa kwamfuta ta bi su kaf.

Sai bautar kalkuleta, wadda ta fi ƙona min rai. Raba lambar nan da 3 a kalkuleta mai gurbi goma, za ta nuna 1431655766, tas, kamar babu saura. Wuri ne ya ƙare mata, ta haɗiye ragowar ta cike. Tara alƙaluman da kanka: 59 za ka samu, 3 ba ta raba 59, magana ta ƙare. Ɗabi'ata ita ce in ninka amsar da hannu, kuma a nan 4,294,967,298 take bayarwa, ta zarce da ɗaya.

Dabarar tara alƙaluma ta 3 da 9 ce kawai, a daina jan ta zuwa 7. Masu ƙirga abin da ke raba babbar lambar tamu kuma suna manta 1 da lambar kanta, su ce biyu alhali huɗu ne. Wanda ya tambaye ni ko wata lamba ce aka ninka da kanta, ya dubi ƙarshenta, irin waɗannan ba sa ƙarewa da 7. Kuma don Allah a sa waƙafi bayan kowane gurbi uku kafin a karanta. Biliyan huɗu ce da ɗoriya, na gaji da jin miliyan arba'in da biyu.